FASHIN BAƘI: Yadda tsohuwar motar alfarma ke zama sadaka mai gudana, da darasin da ke ciki ga Boɗinga da Shagari

A ƙarshen shekarar 1977, mawaƙin Ingila John Lennon da matarsa Yoko Ono suka miƙa motarsu ƙirar Rolls-Royce Phantom V kyauta ga gidan tarihi na Cooper-Hewitt da ke birnin New York na Amurka. Motar, wadda aka ƙera a 1965 kuma aka yi mata fentin ruwan ɗorawa mai zanen furanni a 1967, tana cikin motocin da suka fi suna a duniya. Ma'auratan sun samu rangwamen haraji a kan kyautar, gidan tarihin kuma ya samu abin alfahari.

Sai dai murnar ba ta daɗe ba. Bayan an baje kolin motar na ɗan lokaci, sai aka mayar da ita ma'ajiya, domin kuɗin inshorar nuna ta ga jama'a ya fi ƙarfin gidan tarihin. A watan Yunin 1985 aka kai ta gwanjo a kamfanin Sotheby's, inda attajirin Kanada Jim Pattison ya saye ta a kan dala miliyan 2.299. A lokacin ne kyautar ta fara amfanar waɗanda aka bai wa, kusan shekara takwas bayan karɓar ta. Pattison ma daga bisani ya bayar da ita ga lardin British Columbia a 1987, kuma tana hannun gidan tarihin lardin da ke birnin Victoria.

Labarin wannan mota ya tattara duk abin da ke cikin sadaukar da tsohuwar motar alfarma. Miƙa makulli abu ne mai sauƙi, amma motar ba ta ciyar da maraya, ba ta kai mai naƙuda asibiti. Sai an mayar da ita kuɗi ta hanya mai tsabta, an kuma juya kuɗin zuwa abin da zai daɗe yana aiki, sannan take cika sunan sadaka. Kafin nan, nauyi ce a wuyan wanda ya karɓa.

Dalilin kawo zancen Jihar Sakkwato

Ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari suna mazaɓar Sanatan Sakkwato ta Kudu, a kan babbar hanyar da ta tashi daga birnin Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega. Duk biyun suna da girma a tarihi. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Malam Abdullahi kuma ya zauna a garin Boɗinga a wancan zamani. Garin Shagari kuwa shi ne mahaifar Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, wanda ya shugabanci Najeriya daga 1 ga Oktoban 1979 zuwa 31 ga Disambar 1983, kuma a can aka binne shi bayan rasuwarsa a ranar 28 ga Disambar 2018.

Amma girman tarihi bai kawar da buƙata ba. Rahoton talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a Nuwambar 2022 ya nuna kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya, wato mutum miliyan 133, suna cikin wannan hali. Jihar Sakkwato ce ta zo kan gaba, da kimanin kashi 91 cikin 100. Ma'aunin bai tsaya ga kuɗin aljihu ba, ya haɗa da nisan asibiti, ruwan sha, makaranta da abinci.

A Ƙaramar Hukumar Shagari, wannan rashi ya bayyana a kan ruwa. A watan Afrilun 2022 kwale-kwale ya kife a kogin Shagari, mutum 29 daga ƙauyen Gidan Magana suka rasu. A watan Mayun 2023 wani ya sake kifewa a yankin Dandeji, inda aƙalla yara 15 suka rasu a hanyarsu ta zuwa ɗebo itacen girki. Jirgi mai inji da rigunan ceto ba su kai kuɗin mota guda ta alfarma ba, ko kusa.

A ɗaya ɓangaren kuma, Arewacin Najeriya ya daɗe da sanin irin waɗannan motoci. Dangantakar fadodin sarakuna da Ingila tun zamanin En'e ta sa motocin ƙasar suka zama alamar sarauta, kuma Masarautar Kano ta shahara da tsofaffin Rolls-Royce da ake fitowa da su a ranakun biki. A gidajen tsofaffin 'yan kasuwa, manyan ma'aikata da 'yan siyasar jamhuriya ta ɗaya da ta biyu, ba abin mamaki ba ne a tarar da mota a lulluɓe da tamfol, tayoyinta sun sace, magada sun rasa yadda za su yi da ita. Sunan Shagari kansa ya shiga tarihin motoci a ƙasar nan, domin jama'a sun laƙaba shi ga wata ƙirar Marsandi da ta yi tashe a zamanin mulkinsa. Tambayar ita ce, idan mai irin wannan dukiya ya yi niyyar bayar da ita don Allah, wace hanya ce za ta kai amfanin ga mabuƙata?

Yadda ake yi a inda al'adar ta kafu

A Ingila, hanyar da ta fi tasiri ita ce wasiyya. Misalin da ya fi fice shi ne na Richard Colton, wani ɗan kasuwar takalma daga yankin Northamptonshire, wanda ya rasu a 2015 ya bar wa ƙungiyar ceton rayuka a teku ta RNLI motoci biyu. Motocin ƙirar Ferrari ne na Italiya, ɗaya ta 1960, ɗaya ta 1967, amma tsarin da aka bi shi ne wanda ake bi da kowace tsohuwar mota mai daraja. Ƙungiyar ba ta ajiye su ba. A watan Oktoban wannan shekara kamfanin gwanjo na H&H ya sayar da su a Duxford a kan kimanin fam miliyan 8.5. Daga cikin kuɗin aka ƙera jirgin ceto mai ɗauke da sunan Colton da matarsa Caroline, wanda ya fara aiki a garin Hastings a 2018.

Hanya ta biyu ita ce gwanjon sadaka, inda mai motar yake da rai, ya sa a sayar a bainar jama'a a miƙa kuɗin. A watan Fabrairun 2016 kamfanin Christie's ya sayar da Aston Martin DB10, ɗaya daga cikin guda goma da aka ƙera don fim ɗin James Bond mai suna Spectre, a kan sama da fam miliyan 2.4. Kuɗin ya tafi ga ƙungiyar likitoci ta MSF. Wannan ƙungiya ba baƙuwa ba ce a Sakkwato, domin tun 2014 take tallafa wa Asibitin Noma da ke birnin, inda ake yi wa yaran da cutar noma ta cinye wa naman fuska tiyata kyauta.

Hanya ta uku ita ce ta Lennon, wato miƙa motar ga gidan tarihi. Ita ce ta fi burge ido, ita ce kuma ta fi ɗora wa mai karɓa ɗawainiya.

Abin da ya sa al'adar ta yi ƙarfi a can ba tausayi kaɗai ba ne, doka ma tana ƙarfafa gwiwa. Ingila tana karɓar harajin gado na kashi 40 cikin 100 a kan abin da ya haura fam 325,000, amma duk abin da aka bar wa ƙungiyar jinƙai ba a cire masa komai. Idan mamaci ya bar wa sadaka aƙalla kashi 10 cikin 100 na dukiyar da ake lissafa wa haraji, sai harajin sauran ya sauka zuwa kashi 36. Akwai kuma tsarin Gift Aid, wanda ke bai wa ƙungiya damar karɓo ƙarin kwabo 25 daga gwamnati a kan kowane fam ɗaya da mai biyan haraji ya bayar. Tsarin ya shafi kuɗi ne, bai shafi kaya ba, shi ya sa masu ba da shawara kan ce a sayar da motar tukuna sannan a bayar da kuɗin. Sama da duka, hukumar kula da ƙungiyoyin jinƙai ta ƙasar tana wallafa lissafin kuɗin manyan ƙungiyoyi a intanet, kowa na iya dubawa.

Ba kowace tsohuwa ce mai daraja ba

Kuskuren farko da magada kan yi shi ne ɗaukar cewa sunan Rolls-Royce, Bentley ko Jaguar kaɗai ya isa ya jawo miliyoyin daloli. Kasuwar tsofaffin motoci tana duba abu huɗu: ƙarancin ƙirar, tarihin wanda ya mallake ta, lafiyar jikinta, da takardun da ke tabbatar da duk wannan.

Phantom V irin ta Lennon guda 516 kacal aka ƙera tsakanin 1959 da 1968, sarakuna da shugabannin ƙasashe na cikin waɗanda suka saye ta. Silver Shadow kuwa, wadda aka fara fitarwa a 1965 aka daina a 1980, an ƙera fiye da 30,000. Saboda yawanta, farashinta a kasuwar Turai yakan yi ƙasa da na sabuwar motar gida, kuma gyaran wadda ta daɗe a ajiye yakan zarce abin da za a samu idan an sayar. Birkinta da tsarin ɗaga jikinta suna aiki ne da wani mai na musamman a ƙarƙashin matsi mai ƙarfi. Idan ta shekara ba a tayar ba, robobin da ke riƙe man sai su bushe, bututun su yi tsatsa.

Yanayin Sakkwato yana da amfani ta wata fuska, yana da illa ta wata. Ƙarancin danshi na rage tsatsar ƙarfe, abin da ke cinye motocin da ke Legas ko Ingila. Amma zafin da ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu yana fasa fatar kujeru da katakon da aka ƙawata gaban motar da shi, ƙurar hunturu kuma tana shiga ko'ina. Kayan gyara sai an yi odarsu daga waje da kuɗin ƙetare. Makaniken da ya san irin wannan inji ba a kowane gari ake samunsa ba, kuma gyaran da aka yi da kayan wata mota daban, kamar dasa mata injin Toyota, yana rushe darajarta a idon masu saye. Ga kuma shan mai: injin Phantom V mai silinda takwas ba ya kai kilomita biyar da lita ɗaya. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan kaɗai ya isa ya sa gidan marayu ya yi nadamar karɓar kyautar.

Saboda haka, bai wa ƙaramar ƙungiya a Boɗinga ko Shagari irin wannan mota don ta riƙa amfani da ita tamkar ɗora mata bashi ne. Ba ta iya hanyar ƙauye, ba ta ɗaukar gadon marar lafiya, ba ta jure tafiyar yau da gobe zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Abin da Shari'a ta tanada

Al'ummar yankin Musulmi ne masu bin mazhabar Malikiyya, kuma fiƙihun wannan mazhaba ya warware mas'alar tun kafin a ƙera mota. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya shari'o'in wakafi, kyauta, wasiyya da gado na Musulmi a ƙarƙashin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Ke nan hukunce-hukuncen da ke tafe su ne alƙali zai duba idan rigima ta taso.

Na farko, Malikiyya sun halatta wakafin abin da ake iya ɗauka, ba fili da gida kaɗai ba. Hujjarsu ta haɗa da hadisin da ya nuna Khalid bin Walid ya tsare sulkensa da kayan yaƙinsa don Allah. Idan doki da makami suna shiga wakafi, mota ma tana shiga.

Na biyu, kyauta, sadaka da hubusi ba sa kammala sai wanda aka bai wa ya karɓi abin a hannunsa. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan ilimi na ƙasar Hausa, ya bayyana cewa idan mai bayarwa ya rasu kafin a karɓa, abin ya koma gado. Wannan shi ne ramin da alƙawuran taro da yawa ke faɗawa. Attajiri ya tashi a gaban jama'a ya ce ya bayar da motarsa, a yi kabbara, amma motar tana garejinsa, takardunta suna sunansa. Ranar da ya cika, magada suna da hujjar riƙe ta.

Na uku, wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kamar yadda hadisin Sa'ad bin Abi Waƙƙas ya nuna, sai in magada sun yarda. Kyautar da aka yi a ciwon ajali ma daga sulusi ake fitar da ita. A nan ƙimar mota take da muhimmanci ƙwarai. Idan aka ɗauka tsohon ƙarfe ce, daga baya aka gano ta fi rabin dukiyar mamaci, to abin da ya haura sulusi haƙƙin magada ne, cikinsu har da marayu da zawarawa. Idan kuma motar ta riga ta zama gado, babu wani ɗa, komai girmansa a gidan, da ke da ikon sadaukar da ita shi kaɗai.

Na huɗu, an yarda a sayar da abin wakafi mai motsi idan ya daina amfani, a sa kuɗinsa a makamancinsa. Risala ta kawo misali da dokin hubusi da ya kamu da cuta. Duk da haka, hanyar da ta fi kauce wa saɓani ita ce mai bayarwa ya rubuta tun farko cewa a sayar da motar, kuɗin ne wakafi, ya kuma ambaci abin da za a yi da shi.

Akwai wani hadisi da ya dace da wannan batu kamar don shi aka ruwaito. Sayyidina Umar ya bayar da doki don Allah, wanda aka bai wa ya kasa kula da shi har ya lalace. Umar ya so ya saye shi da araha, Manzon Allah (SAW) ya hana shi. Darasi biyu ne a ciki. Abu mai tsada yana tozarta a hannun wanda ba shi da halin riƙe shi. Sannan wanda ya yi sadaka ba ya zagayowa ya saye ta, balle ya turo yaronsa wurin gwanjo ya karɓo masa a farashin banza.

Game da zakka, motar hawa ba a fitar mata da zakka komai tsadarta, sai in an ajiye ta don kasuwanci. Bayar da ita sadaka kuma ba ya sauke zakkar da ke kan sauran dukiya. Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, ya yi hani ga zaɓen mummunan abu don bayarwa, ya kuma yi gargaɗi a kan ɓata sadaka da gori. Wanda ya kwashe mushen mota ya kai wa marayu don ya samu sarari a gidansa, ya san a wane ɓangare yake.

Shingayen dokar ƙasa

Ga ɗan asalin yankin da ke zaune a Landan ko Manchester, wanda ke tunanin turo tsohuwar Jaguar gida don a yi sadaka da ita, shingen farko yana tashar jiragen ruwa. Jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su ya ƙunshi motocin da suka haura shekara 12 da ƙerawa. A watan Janairun 2017 gwamnati ta kuma hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, irin ta Illela da ke kallon Birnin Ƙonni. Bugu da ƙari, Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 2 ga Afrilun 1972, kuma ƙa'idojin hanya na ƙasa ba su yarda da rajistar mota mai sitiyari a dama ba, wanda shi ne tsarin motocin da aka ƙera don titunan Ingila. Ga irin wannan mutum, hanya mafi sauƙi ita ce ya sayar a can, inda masu saye suke, ya turo kuɗin ta banki.

Ga motar da take cikin gida kuwa, takardu ne kan gaba: shaidar mallaka, takardar biyan kuɗin fito, da lambobin shasi da inji da suka dace da abin da ke rubuce. Kamfanonin gwanjo na waje ba sa taɓa motar da asalinta ke da duhu, kuma ƙungiyoyin masu sha'awar Rolls-Royce da Jaguar a Ingila suna riƙe da bayanan masana'anta da ake iya tantance kowace mota da su ta lambar shasinta.

Sai batun kuɗi. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5, kamfani kuma sama da miliyan 10, ba tare da bi ta banki ba. Dokar ta kuma sanya dillalan motoci cikin waɗanda sashen SCUML na Hukumar EFCC ke sa wa ido. Dalilin a fili yake: abin da farashinsa ba shi da ma'auni tsayayye hanya ce mai sauƙi ta wanke dukiyar sata. Ƙungiyar da za ta karɓi kyautar ma ya kamata ta kasance mai rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, domin ta iya mallakar kadara da sunanta, ba da sunan shugabanta ba.

Idan mai karɓar makullin jami'in gwamnati ne, Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulki ya ce kyautar da aka bai wa jami'i a wurin taro ko biki ana ɗaukar ta a matsayin ta ma'aikatar da yake wakilta. Motar da aka miƙa wa shugaban ƙaramar hukuma don jama'a ba ta bin sa gida idan wa'adinsa ya ƙare.

Ta fuskar haraji, Najeriya ba ta da irin kwaɗaitarwar Ingila. Rangwamen da tsohuwar dokar harajin kamfanoni ta daɗe tana bayarwa ya tsaya ne ga kamfanoni, a kan gudummawa ga hukumomi da ƙungiyoyin da aka lissafa, kuma galibi bai wuce kashi 10 cikin 100 na riba ba. Mai bayarwa a nan lada yake nema, ko suna.

Inda ɓarna ke shiga

Wuri uku ne kyauta irin wannan ke zubewa. Na farko wurin ƙiyasta farashi. Idan mutum ɗaya ne ya ƙiyasta, kuma shi ne ya kawo mai saye, to ƙungiya ba ta da hanyar sanin ko an cuce ta. Na biyu wurin cire ɗawainiya: la'adar dillali, kuɗin jigila, gyara, inshora da kamashon kamfanin gwanjo suna iya cinye kaso mai yawa idan ba a ƙayyade su a rubuce ba. Na uku bayan an gama biki. An ɗauki hoto, an yanke ƙyalle, amma babu wanda ya ware kuɗin mai, albashin direba ko gyara. Duk wanda ya zaga asibitocin karkara a Arewa ya san motocin ɗaukar marasa lafiya da ke kan duwatsu, da sunan wanda ya bayar a rubuce a jikinsu.

Maganin ukun ɗaya ne, wato bayyana lissafi. Shari'a ta fifita ɓoye sadaka, amma sunan mai bayarwa ake ɓoyewa, ba adadin amanar da ta shiga hannun masu rabawa ba. Ya kamata a samu ƙiyasi biyu daga mutanen da ba su da alaƙa da juna, a sanar da ranar gwanjo, a tsayar da farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, a hana amintattun ƙungiyar da danginsu shiga tayi, sannan a liƙa sakamakon a ƙofar masallacin Juma'a da fadar hakimi, a kuma karanta shi a rediyo.

Hanyar da ke akwai a Sakkwato

Jihar ba ta rasa inda za a kai irin wannan amana ba. Hukumar Zakka da Wakafi ta Jihar Sakkwato, wadda doka ta kafa a 2016 a zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, kuma Malam Muhammad Lawal Maidoki, Sadaukin Sakkwato, ya daɗe yana jagoranta, tana aiki ta hannun kwamitoci a gundumomin hakimai, tana kuma ƙarfafa wakafin itatuwa masu 'ya'ya da sauran kadarori masu kawo kuɗin shiga. Mai bayarwa yana da damar gindaya sharaɗi cewa amfanin wakafinsa na mutanen Sifawa ne, ko na ƙauyukan bakin kogin Shagari, kuma Shari'a ta wajabta bin sharaɗinsa muddin bai saɓa mata ba.

Haɗa dukiyar jama'a don aikin da zai daɗe ma ba sabon abu ba ne a yankin. A 1967, bayan kifar da jamhuriya ta ɗaya, Shehu Shagari ya riƙe sakataren asusun raya ilimi na Lardin Sakkwato, wanda ya gina makarantu da gudummawar al'umma.

Tsarin da ya fi dacewa da kuɗin mota guda shi ne a raba shi biyu. Kaso ɗaya ya sayi abin da ake buƙata yanzu: jirgin ruwa mai inji da rigunan ceto ga mashigin da yara ke tsallakawa, ko mota mai jure hanyar ƙauye don kai masu naƙuda Babban Asibitin Boɗinga, ko rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Kaso na biyu a zuba shi a abin da ke haihuwa, kamar shagunan haya a kasuwa ko gonar fadama, a riƙa biyan mai, gyara da albashi daga abin da yake kawowa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Motar da ke da alaƙa ta gaskiya da tarihin ƙasa, kamar wadda wani sarki ko shugaba ya hau, tana iya cancantar a ajiye ta a wuri irin Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato ko Gidan Arewa da ke Kaduna. Amma ko a nan, kyautar ba ta cika sai ta zo da kuɗin rumfa, gadi da kulawa. Sauran motocin kuwa, waɗanda darajarsu ta kasuwa ce kawai, kowace bazara da ta wuce suna ƙarƙashin tamfol tana rage abin da za su iya saya wa mutanen Gidan Magana da Dandeji. Magadan da ke da niyyar yi wa mahaifinsu sadaka mai gudana za su fara ne da abu uku: su nemo takardun motar, su tara duk masu haƙƙi a gadon su amince a rubuce, sannan su sa a ƙiyasta ta kafin su yi wa kowa alƙawari.